Wiwi mai ƙamshin alewa: yadda aka tace irinta, da abin da hakan ke nufi ga Magarya da Dungas

Tun da tabar wiwi ta shigo ƙasar Hausa, warinta ne ke tona asirin mai shanta. Uwa kan gane daga rigar ɗanta, maigida kan gane daga numfashin yaron shagonsa, jandarma kuma kan gane tun kafin ya kwance bakin buhu. Sai dai wannan alama ta fara rauni. A ƙasashen da suka halatta noman tabar, an shafe shekaru ana tace iri domin samar da wiwi mai ƙamshin lemu, mangwaro, alewa ko kek, kuma wani ɓangare na wannan haja ya fara isowa Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa da na sama na birnin Legas.

Ga gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, waɗanda ke baki da baki da arewacin Tarayyar Najeriya, batun ya wuce labarin ƙasashen nesa. Daga ina wannan ƙamshi ke fitowa? Yaya aka yi ganyen da aka sani da wari ya koma mai ƙamshin kayan marmari? Shin daɗin ƙamshi na nufin sauƙin illa? Binciken da masana suka gudanar a shekarun baya-bayan nan ya ba da amsoshi masu amfani.

Inda ƙamshin yake a jikin tsiron

Tsiron wiwi, wanda masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa suna Cannabis sativa a shekarar 1753, yana da namiji da mace daban, kamar dabino da giginya. A jikin furen macen da ƙananan ganyayen da ke kewaye da shi akwai wasu 'yan gashi masu kan ƙwallo, da kyar ido ke ganinsu, masu fitar da wani ɗanko da ke mannewa a yatsa. A cikin wannan ɗanko ne tsiron ke tara makaman da yake kare kansa da su daga ƙwari.

Ɗankon ya ƙunshi manyan rukunai biyu na sinadarai. Rukuni na farko shi ne na kanabinoyid, waɗanda yawansu ya haura 100, kuma biyu daga cikinsu suka fi suna: THC da CBD. THC shi ne mai sa maye. Masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su ne suka ware shi suka bayyana siffarsa a 1964 a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila. Abin lura shi ne, THC tsantsarsa ba shi da wani ƙamshi da hanci ke kamawa. Wato abin da ke bugar da mutum daban, abin da hancinsa ke ji daban.

Rukuni na biyu shi ne na sinadarai masu tashi cikin iska, waɗanda aka ƙirga sama da 200 a jikin tsiron. Mafi yawansu ana kiransu tarpen. Tarpen kuwa ba na wiwi kaɗai ba ne, akwai shi a kowace madafa. Limonen shi ne ƙamshin da ke fita idan aka matsa ɓawon lemu. Mirsen yana cikin mangwaro. Linalol yana cikin ɗoɗɗoya. Kariyofilen yana cikin masoro da kanumfari. Pinen yana cikin ƙaron hano. Matar da ke haɗa turaren wuta ko humra a birnin Damagaram tana aiki da tarpen kullum, ko da ba ta taɓa jin sunan ba.

Ƙananan sinadarai masu babban tasiri

An daɗe ana ɗauka cewa tarpen ne ke bambanta ƙamshin wannan wiwi da na waccan. Wasu bincike biyu da aka wallafa a mujallar kimiyya ta ACS Omega sun sauya wannan fahimta.

Na farko ya fito a 2021, daga masana na wani kamfani mai suna Abstrax Tech da ke jihar Kaliforniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Iain Oswald. Sun gano cewa warin nan mai ratsa hanci da aka san wiwi da shi yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta, dangin waɗanda ke ba tafarnuwa warinta. Babbansu, wanda ake kira firenil-tiyol, ya yi kama da abin da wata dabba ta Amurka, 'yar uwar bodari wajen wari, ke fesawa idan an tsorata ta. Wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai a jikin furen, amma hancin ɗan Adam na kama shi ko da ɗigo ne a cikin teku. Yana kuma saurin tashi ya ɓace idan an ajiye ganyen, shi ya sa sabon fure da tsohon ganyen da aka danne cikin buhu ya yi makonni a hanya ba sa wari iri ɗaya.

Bincike na biyu ya fito a 2023. Masanan sun gwada samfuri 31 na ɗankon wiwi, suka sa mutane suka shinshina suka bayyana abin da suka ji. Sai aka ga samfurin da aka ce yana ƙamshin alewa da wanda aka ce yana warin tafarnuwa na iya kasancewa da tarpen kusan iri ɗaya. Bambancin yana cikin wasu ƙananan sinadarai ne da ba tarpen ba. Masu ƙamshin lemu da 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi suna ɗauke da wani nau'i na daban na sinadaran farar wuta, irin wanda ake samu a cikin wasu 'ya'yan itatuwa masu tsami. Masu ƙamshin zaƙi suna ɗauke da sinadaran da ake kira esta, dangin waɗanda ke ba ayaba da abarba da tuffa ƙamshinsu, kuma su ne masana'antu ke zubawa a alewa da lemun kwalba. Masu wari mai nauyi kuwa an samu sinadarin sikatol a cikinsu, wanda shi ne ke cikin kashin dabbobi, amma idan ya yi ƙaranci sosai sai ya koma kamar ƙamshin fure.

Ke nan ƙamshin zaƙin da ake tallatawa ya rataya ne a kan 'yan sinadaran da ba su kai komai ba a ma'auni, kuma babu wata hujja da ta nuna suna rage ƙarfin maye.

Yadda ƙamshi ke bin gado

Manomin da ke ware zangarniyar hatsi mafi kyau a ƙarshen damina domin irin baɗi ya san cewa hali na bin iri. Haka ƙamshi yake. Tsiron wiwi na da kuromozom 20, wato tagwaye 10, kuma a cikinsu ne aka rubuta umarnin ƙera kowane sinadari. An fitar da taswirar farko ta ƙwayoyin gadonsa a Kanada a 2011.

A 2017, masana a Jami'ar British Columbia, su Judith Booth da Jörg Bohlmann, suka bayyana tara daga cikin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa ƙera tarpen, a jikin wani iri mai suna Finola da ake nomawa don 'ya'yansa. Binciken da ya biyo baya ya nuna yawansu ya haura 30. Kowace ƙwaya na ba da umarnin ƙera wani anzim, wato ƙaramin ma'aikaci a cikin tsiro, da ke karɓar ɗanyen abu guda ya mai da shi limonen, ko mirsen, ko wani. Wace ƙwaya tsiro ya gada daga uwa da uba, da kuma wacce ke aiki sosai a cikin furensa, su ne ke tsara ƙamshinsa. Yanayin ƙasa, zafi, haske da yadda aka shanya ganyen su ma suna da nasu kason, kamar yadda albasa iri ɗaya kan bambanta daga wannan fadama zuwa waccan.

Ƙwayoyin gadon da ke ƙera THC da CBD daban suke da na tarpen, duk da cewa a matakin farko suna ɗibar wani ɗanyen abu guda. Saboda haka ana iya samun tsiro mai ƙamshin lemu da THC kaɗan, ana iya samun mai ƙamshin lemu da THC mai yawan gaske. Hanci ba ya iya rarrabe su.

Ko sunayen da 'yan kasuwa ke liƙawa ba abin dogaro ba ne. A 2021, masana a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka gwada samfuri sama da 100 da aka tattara a Holand, waɗanda aka yi wa laƙabin "Sativa" ko "Indika", rabe-raben da masu sayarwa ke cewa ɗaya na sa kuzari ɗaya na sa barci. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature Plants ya nuna cewa idan aka duba gadon tsiron baki ɗaya, rukunan biyu ba su rabu ba. Abin da ya ɗan bambanta su shi ne wasu 'yan sinadaran ƙamshi da ƙwayoyin gadon da ke ƙera su. Wani binciken na 2022 daga Jami'ar Kolorado, wanda ya duba sakamakon gwajin samfuri kusan 90,000 daga jihohi 6 na Amurka, shi ma ya gano cewa laƙabin da ke jikin leda ba ya faɗin gaskiyar abin da ke ciki.

Daga tsaunukan Asiya zuwa shagunan Kaliforniya

Wani nazarin gadon tsirrai 110 da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa ɗan Adam ya fara noma wiwi kimanin shekara 12,000 da suka wuce a gabashin Asiya. Daga nan ta bazu, kowane yanki ya samu nasa irin na gargajiya: na Afganistan, na Indiya, na Tailan, na Maroko, na Afirka ta Kudu, na Kolombiya da Meziko. A Afirka ta Yamma, masana tarihi da dama na danganta yaɗuwar shanta da lokacin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bayan dawowar sojojin da suka yi yaƙi a Indiya da Bama, tare da zirga-zirgar ma'aikatan jiragen ruwa.

Babban sauyi ya faru ne a shekarun 1970 a Kaliforniya, inda masu noma a ɓoye suka fara haɗa auren irin Afganistan da na Kolombiya da na Meziko. Daga nan aka samu irin da ake kira Skunk, sunan dabbar nan mai wari, wanda aka kai Holand a shekarun 1980, ya zama kakan ɗimbin ire-iren da ake sayarwa a yau.

Da aka fara halattawa, sai kasuwa ta sauya dandano. Jihohin Kolorado da Washinton sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2012, ƙasar Yurugwai ta yi doka a 2013, Kanada ta bi sahu a watan Oktoban 2018, Jamus a watan Afrilun 2024. Mai saye a shago yana zaɓa ne da hanci da kuma adadin THC da aka rubuta a jikin kwalba. Masu tace iri suka bi abin da ke kawo kuɗi. Sunayen da suka yi tashe sun isa shaida: Gelato sunan askirim ne, Wedding Cake na nufin kek ɗin biki, Cookies biskit ne, Zkittlez da Runtz kuma an kwaikwayo su daga sunayen alewar yara.

Wannan sauyi ya taɓa Afirka. A tsaunukan Rif na Maroko, wadda ke sahun gaba a duniya wajen fitar da ɗankon wiwi, tsohon irin gida mai suna Beldiya, wanda ke wadatuwa da ruwan sama, ya ja baya tun daga shekarun 2000 a gaban sabbin ire-iren da aka shigo da su daga waje. Sabbin sun fi yawan ɗanko da ƙarfin maye, amma suna shan ruwa sosai, abin da ya kai ga yawan haƙa rijiyoyi da matsa wa ruwan ƙarƙashin ƙasa lamba a yankin.

Ga zaƙi ga harbi

Yayin da ƙamshi ke ƙara daɗi, ƙarfin maye ma hawa yake yi, domin abubuwan biyu ake nema tare. Jami'ar Mississippi, wadda ke gwada wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa, ta nuna cewa matsakaicin THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. A daidai wannan lokaci CBD, wanda ba ya sa maye, ya ragu, har THC ya ninka shi kusan sau 80, alhali a 1995 sau 14 ne. A shagunan da aka halatta a yau, fure mai kashi 20 ko fiye ba abin mamaki ba ne, tataccen ɗanko kuwa kan kai kashi 60 zuwa 90.

Wannan adadi yana da nauyi a wajen likitoci. A 2019, mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Birazil, inda aka kwatanta mutum 901 da suka kamu da taɓin hankali a karon farko da wasu masu lafiya. An gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau 3 wajen yiwuwar kamuwa da cutar. Idan kuma wadda yake sha kullum mai ƙarfi ce, wato THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, yiwuwar na kusan ninkawa sau 5. Alƙaluman da hukumomin lafiya suka daɗe suna amfani da su na cewa kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka fara sha kan kai ga kasa dainawa, adadin kuma na zama 1 cikin 6 ga wanda ya fara tun yana matashi, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba.

Masu talla kan ce tarpen na haɗuwa da THC ya tausasa shi, ko ya mai da tabar magani. Tunanin ya samo asali ne daga wani rubutun kimiyya na 1998, aka faɗaɗa shi a 2011. Amma gwaje-gwajen da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan a 2019 da 2020 ba su ga manyan tarpen suna sauya yadda THC ke aiki a mahaɗarsa ta cikin ƙwaƙwalwa ba. Sannan wani bincike na Jami'ar Jihar Portland a 2017 ya nuna cewa idan aka gasa tarpen da zafi mai tsanani, yakan farfashe ya haifar da sinadarai masu cutarwa, ciki har da benzin mai haddasa sankara.

Haɗarin zaƙi ya fi bayyana a kan ƙananan yara. A Amurka, rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci alewa ko biskit mai wiwi bisa kuskure sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, kamar yadda mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa.

Ƙamshin da aka fesa

Akwai wani abin da ya fi shafar kasuwar bayan fage ta Afirka ta Yamma. Tunda an san sinadaran da ke ba da ƙamshin lemu da alewa, kuma ana sayar da su da araha ga masu yin sabulu da lemun kwalba, ba sai an tace iri ba kafin a samu ganye mai ƙamshi. Ana iya fesa turaren a kan kowane busasshen ganye. Haka kuma ana fesa kanabinoyid na roba, waɗanda ake haɗawa a ɗakin gwaji, masu kama ƙwaƙwalwa fiye da THC nesa ba kusa ba, kuma suna iya jawo farfaɗiya, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, lalacewar ƙoda, har da mutuwa.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, wadda aka kafa a 1989 kuma Janar Buba Marwa mai ritaya ke shugabanta tun watan Janairun 2021, ta sha sanar da kama nau'o'in da ake kira Loud da Colorado a tashoshin Legas, da yawansu daga Kanada da Amurka. Hukumar na bayyana Colorado a matsayin nau'in roba. A Saliyo, ganyen da ake kira kush ya yi ɓarnar da ta sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024. Gwajin da aka wallafa sakamakonsa a 2025 ya nuna cewa kush ɗin na ɗauke da kanabinoyid na roba da kuma nitazen, wani dangin tiramol da hodar hiroyin mai ƙarfin kisa.

Mai saye a bayan tasha ko a gindin bishiya ba shi da hanyar sanin ko ƙamshin da yake ji daga gadon tsiro ya fito ko daga kwalbar feshi.

Ta ina Magarya da Dungas suka shigo?

Gundumomin biyu na daga cikin mafiya cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum 577,743, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma a 2011, mutum 353,867. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan na nufin dubban ɗaruruwan matasa. Daga Sasumburum da Yekuwa da Kwaya a yamma har zuwa Dogo-Dogo da Malawa a gabas, garuruwa da yawa sun fi kusa da kasuwannin Najeriya a kan birnin Damagaram. Hanyar Magarya na ɓullewa Ɓaɓura ta wuce Kano, mutanen Dungas kuma na cin kasuwar Maigatari. Yare ɗaya, auratayya ɗaya, ga babura da amalanke na ratsa ƙananan hanyoyin da babu shingen duwan. Da an gama girbi, samari na tafiya cirani Kano, Abuja, Legas da Fatakwal, su dawo da kuɗi da kaya, wasu kuma da sabbin ɗabi'u.

Kasuwar da ke ƙetaren iyakar babba ce. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi tare da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Mafi yawan wiwin Najeriya ana noma shi ne a dazuzzukan kudu, a jihohi irin su Ondo, Edo, Osun da Delta, a danne shi cikin buhuna a yo arewa da shi. Nau'o'in da ake shigowa da su daga ƙetare sun fi tsada, kasuwarsu ta fi ƙarfi a manyan birane. Sai dai suna da ƙamshi abubuwa ne masu sauƙin kwaikwayo, kuma abin da ya yi tashe a Legas da Kano ba ya daɗewa bai iso bakin iyaka ba, kamar yadda aka gani da tiramol da maganin tari mai kodin.

Darasin Rif ma abin lura ne ga yankin Korama, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa a fadamun Waca, Bande da Guci, kuma rake, rogo da kayan lambu ke ciyar da dubban iyalai. Ruwa da ƙasar da ke ba da abinci su ne abin da haramtaccen noma ke fara cinyewa a duk inda ya samu gindin zama. Yana da kyau kuma a kauce wa wani ruɗani: ganyen wasu nau'o'in rama na kama da na wiwi, har sunanta na kimiyya, Hibiscus cannabinus, daga wannan kamanni ya samo asali. Amma rama 'yar uwar yakuwa da kuɓewa ce, ba ta da THC ko kaɗan.

Abin da doka ta ce

A Nijar, doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumban 1999 ita ce ke tsara yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ta haramta noma wiwi, safararta, sayar da ita da shanta, kuma ba ta ware mai ƙamshi daga mai wari ba. Hukumar OCRTIS ta 'yan sanda ce ke jagorantar farautar masu safara, tare da jandarmomi, jami'an duwan da sauran jami'an tsaro. A watan Maris na 2021, hukumar ta kama tan 17 na ɗankon wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai, wanda aka ɗauko daga Lebanon ta tashar Lome da nufin kai shi Libiya, an kuma ƙiyasta kuɗinsa da kimanin dala miliyan 37.

Labaran halattawa da ke yawo a wayoyin salula na buƙatar fayyacewa. A watan Disamban 2020, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga jeri na huɗu na yarjejeniyar 1961, domin sauƙaƙa binciken magani, amma ya bar ta a jeri na ɗaya, na abubuwan da ake sa wa ido sosai. Lesoto a 2017 da Maroko a 2021 sun ba da izinin noma ne don magani da masana'antu ƙarƙashin lasisi. Gana ta taƙaita nata izinin ga irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ba ya bugarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya sauya dokar Nijar ko ta Najeriya.

Idan hanci ya daina isa

Ga iyaye, malaman makaranta da masu unguwanni, ma'anar wannan duka ita ce rashin jin wari ba ya wanke yaro, kuma ƙamshin lemu ko alewa daga hayaƙi, daga tukunyar shisha ko daga 'yar ƙaramar leda mai zanen kayan zaƙi abin tambaya ne. Alamomin da likitoci ke lissafawa ba su sauya ba: jan ido, sauyin barci da cin abinci, mantuwa, janyewa daga mutane, raguwar himma a gona ko a makaranta, yawan zargin cewa ana bin mutum da sharri. Idan aka ga matashi ya suma, yana jijjiga, yana amai ba ƙaƙƙautawa ko yana sambatu bayan ya sha wani abu, asibiti mafi kusa ake nufa da shi nan take, a tafi da ragowar abin da ya sha domin ma'aikatan lafiya su gani. Ɗaure shi da mari ko kulle shi a ɗaki na ƙara jinkirta magani ne kawai. Cibiyoyin lafiya na karkara da asibitin gunduma na iya tura mara lafiya babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda ake duba masu taɓin hankali.

Ga hukumomi kuwa, binciken ya nuna inda giɓi yake. A kowace ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, akan sanar da nauyin abin da aka kama da kilo da tan. Nauyi kaɗai ba ya faɗin ƙarfin THC da ke cikin buhu, ba ya kuma nuna ko an fesa wa ganyen sinadarin roba. Saliyo ba ta san ainihin abin da ke kashe matasanta ba sai da aka kai kush ɗakin gwaji. Gwada samfurin abin da ake kamawa a hanyoyin Magarya da Dungas, tare da sanar da likitocin yankin sakamakon, shi ne zai nuna ko sabuwar hajar ta riga ta tsallako iyaka, da kuma irin shirin da asibitoci ya kamata su yi.